Yadda Za a Koyar da Adon Harshe ga Yaran Firamare

Yaron da aka kawo aji 1 a ƙasar Hausa ya daɗe yana jin adon harshe tun kafin ya san yadda ake riƙe fensir. Mahaifiyarsa ta sha ce masa mai kunnen ƙashi, yayarsa ta sha yi masa kacici-kacici bayan sallar isha, shi kansa kuma yakan ce yunwa za ta kashe shi alhali da safe ya sha koko. Don haka ya kamata malami ya fara da abin da ke bakin yaro, ya jinkirta sunayen da masana adabi suka ba waɗannan dabaru, wato kamantawa, siffantawa, jinsarwa da kambamawa, har sai yaran sun kai aji 5 ko 6. Idan aka fara da rubuta ma'anar kowanne a allo, yaran za su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, amma da an ce su kawo misali nasu na kansu sai ajin ya yi tsit.

Darasin farko ba ya bukatar komai sai alli da allo. Malami ya rubuta "Wane yana da dogon hannu", ya kira yaro ɗaya ya zana abin da ya fahimta. Yawanci zai zana mutum da hannu har ƙasa, ajin ya fashe da dariya, sa'annan a sami wani ya ce ai ɓarawo ake nufi. A wannan gaɓar ce malami zai nuna musu cewa magana ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu, ta fili da ta ɓoye. Daga nan sai a ci gaba da farin jini, taurin kai, zafin nama, ruwan ido, bakin kogi da wuyan riga, ana tambayarsu ko sun taɓa ganin kogi da haƙora. Misali 4 ko 5 sun isa darasin minti 30.

Kacici-kacici shi ne kayan aikin da ya fi kowanne amfani, kuma shi ya cancanci a daɗe a kansa, domin yawancinsa kwatanta wani abu ne da wani ba tare da an faɗi sunansa ba. A buɗe da "Ƙulin ƙulifita" kamar yadda ake yi a gida, a kuma bar al'adar nan ta ba da gari idan amsa ta gagara, saboda ita ce take sa yara su saki jiki. Sai dai aikin malami yana farawa ne bayan an faɗi amsa. Idan aka ce "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", yara suka ce tsintsiya, sai a ɗauko tsintsiyar ajin a ɗaga ta sama, a tambaye su ina shanun, ina maɗaurin. Idan aka ce "Baba na ɗaki, gemunsa na waje", suka ce wuta da hayaƙi, sai a tambaye su me ya haɗa hayaƙi da gemun dattijo, har wani ya gano cewa launi ne da yadda yake fitowa yana lilo. Haka "Tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro, fyaɗe babba", wadda amsarta yunwa ce. Wannan tambaya ta "me ya haɗa su?" ita ce ginshiƙin darasin gaba ɗaya, kuma yaron da ya saba amsa ta ba zai sha wuya ba ranar da ya haɗu da waƙa a sakandare. Bayan mako biyu ko uku sai a juya lamarin, a raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ƙirƙiro kacici-kacicinsa a kan abin da yake gani kullum, kamar fanka, wayar hannu ko buta. Da yawa za su fito a karkace, amma kada a hana, domin gyara karkataccen kacici-kacici tare da ajin darasi ne mai zaman kansa.

Kamantawa ta fi sauƙin ganewa saboda tana da kalmomin da ke tona ta: kamar, tamkar, sai ka ce, da kuma awa a bakin Sakkwatawa. A fara da waɗanda kowa ya sani, irin su zaƙi kamar zuma, baƙi kamar gawayi, ɗaci kamar maɗaci, sa'annan a hana su maimaita waɗannan, a ce kowa ya nemo sabo. Yana da kyau a nuna musu cewa wani lokaci ana daidaita abu biyu, wani lokaci a ce wannan ya fi wancan, wani lokaci kuma a ce bai kai shi ba. Shiga siffantawa kuwa aikin abin goge allo ne: a rubuta "Audu kamar zaki yake", a share "kamar" da "yake", a mayar da ita "Audu zaki ne", a tambayi ajin wacce ta fi ƙarfi a kunne. Kirarin da yara suke ji a wurin dambe da kokawa ko a ranar hawan salla cike yake da irin wannan.

Akwai abin da malami zai yi hattara da shi. Da zarar yara sun gane daɗin kamantawa, abu na farko da za su yi shi ne su juya ta kan junansu, a ji wani yana cewa kan wane kamar ƙwarya. Wannan zambo ne, kuma a ƙaramin aji yakan ƙare da kuka, ko ya zama laƙabin da zai bi yaro har girmansa. Tun ranar farko a kafa doka cewa ba a kwatanta jikin ɗan aji ko iyayensa da komai, sai dai idan yabo ne.

Mutuntarwa, wato nau'in jinsarwa da ake ba dabba ko wani abu halin mutum, ba ta bukatar dogon bayani, tunda a tatsuniya Gizo yana da mata, Ƙoƙi, kura tana zuwa biki, zaki yana zaman fada. Ya isa a yi tatsuniya ɗaya, a ce yara su lissafa abubuwan da dabbobin suka yi waɗanda mutum ne kaɗai yake yi, sa'annan kowa ya rubuta jimla uku a kan abin da takalminsa zai faɗa da yana da baki. Ita ma kambamawa haka take, domin duk yaron da ya taɓa cewa ya yi shekara yana jira a layin famfo ya riga ya iya ta.

Karin magana a bar ta sai aji 4 zuwa sama, kuma ko a nan a tabbata yaran sun san abin da aka ambata a cikinta kafin a nemi ma'anarta. Yaron da ya tashi a tsakiyar birnin Kano ko Kaduna ba lalle ne ya taɓa ganin jinka ba, saboda haka "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ba za ta shige shi ba sai an zana masa ɗakin ciyawa, an bayyana masa yadda mutane suke taruwa su ɗaga rufin su ɗora. Malami na iya sa yaro ɗaya ya gwada ɗaga benci, sa'annan a ƙara masa mutum uku. Aikin gida mafi dacewa a nan shi ne kowa ya tambayi wani babba a gidansu karin magana ɗaya, tare da irin lokacin da ake faɗarta, domin sanin wurin da ta dace ya fi haddace guda 50.

Wajen gwaji, maimakon a ce su kawo ma'anar siffantawa, a ba su jimla tsurarta kamar "Rana ta yi zafi yau", a ce kowa ya sake faɗarta ta hanya biyu, sa'annan ya bayyana me ya haɗa abubuwan da ya kwatanta. Wanda ya rubuta cewa rana ta zama murhu, ya kuma iya faɗin dalili, a ba shi cikakken maki ko da ya manta sunan dabarar.