Yadda Ake Auna Maganar Ɗan Siyasar da Ke Neman a Tura Soja Waje da Sunan Yaƙi da Kwaminisanci

Wanda ya zauna nazarin jawaban 'yan siyasar Amurka na zamanin yaƙin cacar baka, daga 1947 zuwa rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, zai tarar da magana biyu da ake yawan ɗinke su wuri guda har mai sauraro ya ɗauka ɗaya ce. Ta farko ita ce kwaminisanci mugun tsari ne, ta biyu kuwa ita ce saboda haka wajibi ne a tura soja ko makamai wata ƙasa. Aikin mai nazari na farko shi ne ya warware wannan ɗinki, domin amincewa da ta farko ba ya wajabta amincewa da ta biyu.

Ka fara da yi wa ɗan siyasar adalci. Ƙiyayyarsa ga kwaminisanci tana iya zama tana da tushe na gaskiya, domin sansanonin gwale-gwale na zamanin Stalin sun wanzu, tankokin Sobiyat sun murƙushe boren Hangari a 1956, an gina katangar Berlin a 1961, kuma an mamaye Cekoslobakiya a 1968. Bayan ka yarda da wannan, sai ka nemi mutanen zamaninsa waɗanda suka tsani tsarin kamar yadda ya tsane shi amma suka ƙi goyon bayan yaƙin, domin su ne ma'aunin da ya fi dacewa da shi. Sanata Robert Taft babu mai zarginsa da tausaya wa 'yan gurguzu, amma ya jefa ƙuri'ar ƙin amincewa da yarjejeniyar kafa ƙawancen tsaro na NATO a 1949. George Kennan, wanda shi ne ya tsara manufar killace Tarayyar Sobiyat, ya bayyana gaban kwamitin harkokin waje na majalisar dattawa a 1966 ya soki zurfafawar Amurka a yaƙin Biyetnam. Shugaba Eisenhower kansa, tsohon janar, bai tura dakaru su ceci Faransawa da 'yan kwaminis suka yi wa ƙawanya a Dien Bien Phu da ke Biyetnam a 1954 ba. Idan ɗan siyasar da kake nazari yana nuna cewa duk mai adawa da tura soja mai ƙaunar kwaminisanci ne, waɗannan sunaye uku sun isa su ƙaryata shi.

Daga nan sai ka bincika wane ne ake kira ɗan kwaminis, kuma me ya aikata gab da lokacin da aka laƙaba masa sunan. A nan ne ya kamata ka fi daɗewa, domin a nan aka fi yin ɓarna. Firaministan Iran Mohammad Mosaddegh ya mayar da kamfanin man fetur na Birtaniya mallakar ƙasarsa a 1951, aka kifar da shi a 1953 da hannun hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya, alhali shi ɗan kishin ƙasa ne wanda bai taɓa zama ɗan jam'iyyar kwaminis ba. Shugaban Gwatamala Jacobo Arbenz ya kafa dokar rabon filaye a 1952, dokar ta taɓa gonakin kamfanin Amurka na United Fruit, aka tumɓuke shi a 1954. Gaskiya ne akwai 'yan kwaminis cikin masu ba shi shawara, kuma mai nazari na gari ba zai ɓoye wannan ba, sai dai zai tambayi kansa ko tsoron Mosko ne ya yi nauyi a wajen masu yanke shawara ko asarar filaye. Firaministan Kwango Patrice Lumumba ya nemi taimakon Sobiyat ne bayan da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙi taya shi murƙushe ɓallewar lardin Katanga, aka kashe shi a watan Janairun 1961. Ka jera abubuwan da suka faru bisa kwanan wata, ka ga wanne ya riga wanne. Sau da yawa jerin kwanakin kaɗai kan tona abin da jawabin ya rufe.

Ko da a inda laƙabin ya dace, kamar jagoran Biyetnam ta Arewa Ho Chi Minh wanda ɗan kwaminis ne na haƙiƙa, akwai hasashen da ake ɗorawa a kansa, kuma hasashe abu ne da ake iya gwadawa. A watan Afrilun 1954 Eisenhower ya kwatanta ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da tubalan da aka jera a tsaye, wanda in na farko ya faɗi sai ya ture na kusa da shi har zuwa na ƙarshe. A 1975 Biyetnam ta Kudu da Kambodiya da Lawos sun koma hannun 'yan kwaminis, amma Tailan da Maleshiya ba su bi su ba. Bayan haka ma, dakarun Biyetnam ne suka kori gwamnatin kwaminis ta Pol Pot daga Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, a watan Janairun 1979, sannan Sin ta auka wa Biyetnam wata guda bayan haka. Ƙasashe uku masu jar tuta suna yaƙar juna, abin da hasashen bai tanadi gurbinsa ba ko kaɗan.

Sai ka koma kan abin da aka ce ya tayar da yaƙin, ka bi shi dalla-dalla. Ranar 2 ga Agusta, 1964, jiragen ruwan Biyetnam ta Arewa sun yi artabu da jirgin yaƙin Amurka mai suna Maddox a mashigin tekun Tonkin. Ranar 4 ga wata, cikin duhun dare da mummunan yanayi, ma'aikatan jirgin suka ba da rahoton hari na biyu, sannan kwamandan da ke wurin ya aika saƙo yana nuna shakkarsa, yana neman a sake dubawa kafin a ɗauki mataki. Duk da haka a wannan daren Shugaba Johnson ya bayyana a talabijin ya sanar da harin ramuwar gayya. Ranar 7 ga wata majalisar wakilai ta amince da ƙudurin ba shi ikon amfani da ƙarfi da ƙuri'a 416 ba tare da ko ɗaya ta ƙi ba, majalisar dattawa kuma da ƙuri'a 88, sanatoci biyu kacal suka ƙi, wato Wayne Morse da Ernest Gruening. Binciken hukumar tsaron Amurka da aka fito da shi fili a 2005 ya nuna cewa ba a kai hari na biyun ba. Abin da za ka riƙa dubawa a kowane irin wannan lamari shi ne tazarar da ke tsakanin labarin da ƙuri'ar, da kuma ko ɗan siyasar ya nemi ganin hujja ko kuwa yana cikin masu gaggawa. Kwana uku ne tazarar a nan, kuma sojojin Amurka fiye da 58,000 ne suka mutu a yaƙin da ya biyo baya, ban da 'yan Biyetnam da asararsu ta ninka wannan sau da yawa.

Batun hurumi ba ya buƙatar dogon bayani, amma kada a tsallake shi. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ba majalisa ikon ayyana yaƙi, kuma dokar 1973, wadda aka zartar duk da hawa kujerar naƙi da Shugaba Richard Nixon ya yi, ta wajabta wa shugaba sanar da majalisa cikin awa 48 da janye dakaru bayan kwana 60 in ba a ba shi izini ba. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya haramta amfani da ƙarfi sai don kare kai ko da izinin Kwamitin Sulhu. Ka duba abin da ɗan siyasar ya yi lokacin da doka ta ɗaure masa hannu. Majalisa ta hana tallafa wa 'yan tawayen Nikaraguwa da makamai a 1984, amma wasu jami'an gwamnatin Reagan suka sayar wa Iran makamai a asirce suka karkatar da ribar ga 'yan tawayen, asirin ya tonu a 1986, shekarar da Kotun Duniya ta yanke hukunci cewa Amurka ta keta dokar ƙasa da ƙasa a Nikaraguwa.

Ka kuma tambaya ko ya faɗi inda yaƙin zai tsaya. Koriya ta nuna muhimmancin wannan tambaya. An shiga yaƙin a watan Yunin 1950 don korar dakarun Arewa da suka mamaye Kudu, kuma wannan buri ya cika cikin 'yan watanni. Da aka faɗaɗa shi zuwa haɗe ƙasar baki ɗaya, aka tsallake iyakar zuwa arewa a watan Oktoba, sai Sin ta shigo da rundunoninta, aka shafe fiye da shekara biyu ana zubar da jini, aka tsagaita wuta a watan Yulin 1953 kusa da inda aka faro. A ganina wanda ke neman a tura 'ya'yan mutane fagen fama amma bai iya faɗin sharaɗin dawowarsu ba, bai gama tunani a kan abin da yake nema ba.

Yadda yake bi da masu adawa da shi a cikin gida ma shaida ce. Ranar 9 ga Fabrairu, 1950, Sanata Joseph McCarthy ya tsaya a garin Wheeling yana ɗaga takarda, yana iƙirarin cewa tana ɗauke da sunayen 'yan kwaminis da ke aiki a ma'aikatar harkokin waje. Ya shafe fiye da shekara huɗu yana ɓata sunan mutane kafin majalisar dattawa ta yi Allah wadai da shi a watan Disambar 1954. Tsoron da ya shuka ya daɗe bayansa, har ya zama 'yan siyasa da yawa sun gwammace su goyi bayan yaƙin da suke shakka a kansa da a ce musu suna sassauta wa 'yan gurguzu.

Abu na ƙarshe shi ne ka ajiye jawabansa a gefe guda, ƙuri'unsa da ayyukansa a ɗaya gefen, ka bi su shekara bayan shekara. Richard Nixon ya yi suna ne da farautar 'yan kwaminis a ƙarshen shekarun 1940, amma shi ne ya sauka a Beijing a watan Fabrairun 1972 ya gana da Mao, jagoran 'yan kwaminis na Sin. Haka nan ka bi sawun waɗanda suka ƙi. Morse da Gruening duk sun rasa kujerunsu a zaɓen 1968, majalisar kuwa ta soke ƙudurin Tonkin da suka ƙi amincewa da shi, sokewar ta zama doka a watan Janairun 1971.