Ga Sababbin Zuwa Ingila: Idan An Cire Kuɗi Daga Asusunka Ba Da Izininka Ba

Ƙannena da ke zuwa daga ƙauyukan Ringim da Taura da Gumel, ba zan ɓata lokaci a kan buɗe asusun banki ba, domin takardar shaida ce da ta adireshi, kuma jama'armu a nan, alhamdu lillahi, ba sa barin baƙo ya rasa ɗan rakiya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda za a zare wa mutum kuɗin guminsa, ya ce ƙaddara ce, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Dokar biyan kuɗi ta ƙasar nan ta 2017 ta ɗora wa banki alhakin duk abin da ya biya daga asusunka ba da yardarka ba. Da zarar ka sanar da su, wajibi ne su mayar maka kafin ƙarshen ranar aiki mai biyowa, sai fa idan suna da dalilin zargin kai ne ka yi damfarar. Su ne za su kawo hujjar cewa ka yarda, ba kai ba, kuma idan katinka ne ya ɓata ko aka sace, abin da za a iya ɗora maka kan kuɗin da ya fita kafin ka kai rahoto bai wuce fam 35 ba. Bayan wata 13 da cire kuɗin haƙƙin yana iya faɗuwa, amma mai hankali a ranar yake kira.

Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne al'adar gida, ta miƙa wa yaro kati da lambar sirri ya je wurin mai POS ran kasuwa. Na taɓa raka wani matashi banki, yana riƙe da takardar bayanin asusunsa hannu na rawa, domin abokin ɗakinsa ya kwashe kuɗin hayar da ya tara. Tambayar farko da aka yi masa ita ce wa ya san lambar, ya kuwa faɗi gaskiya cewa shi ya ba shi. Bankin ya ɗauki wannan a matsayin babban sakaci, wanda ke sauke wa bankin alhaki, kuma haka kuɗin ya tafi. Amana tsakaninmu abin alfahari ce, sai dai lambar sirri ko ɗan uwan da kuke ciki ɗaya ba a ba shi.

Idan banki ya ƙi biya, ka shigar da koke a rubuce, ka adana kwafi. A ƙa'ida suna da ranakun aiki 15 su amsa, sannan kana da wata 6 daga amsarsu ta ƙarshe ka kai maganar gaban hukumar Financial Ombudsman Service, mai raba gardama tsakanin bankuna da masu hulɗa da su, wadda ba ta karɓar ko kwabo daga mai koke.