Yadda za ka karanci kundin tsarin mulkin Najeriya

Kar ka afka wa na 1999 kai tsaye, kanka zai ɗau zafi. Faro daga na gwamnonin mulkin mallaka, Richards 1946 da Macpherson 1951, ka gangaro na 1960 da Tafawa Ɓalewanmu na Bauchi ya yi firaminista a ƙarƙashinsa, sannan na 1979 da ya kawo tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka.

To amma haddar sashe kaɗai ba ta fisshe ka, sai ka ga yadda kotu ta fassara shi. Sauke hukuncin Awolowo da Shagari na 1979 a wayarka, rigimar zaɓen shugaban ƙasa ce kan nawa ne kashi biyu cikin uku na jihohi 19, karanta har ra'ayin mai shari'a Kayode Eso da ya saɓa wa sauran, wallahi nan darasin yake.