Kumburin Ido da Mura a Kajin Gida: Yadda Ake Gane Su da Magance Su

Da hunturu ya kama, kaji suka fara atishawa, ido na kwantsa, abin da aka saba shi ne a fasa kafso ja-da-yalo a ruwa, a barbaɗa barkono. Wani lokaci a dace, sau da yawa a yi asara, domin ciwon da ke rufe idon kaza iri-iri ne. A ƙarƙashin idonta akwai ɗan kogo da ya haɗe da hanci. Majina na taruwa a ciki, sai fuska ta kumbura. Shi ya sa kafin a nemi magani, sai a kama kazar a duba ta da kyau.

A fara da shinshina kanta. Idan fuska ta kumbura, ido ya manne, hanci na fitar da majina mai wari kamar ruɓaɓɓen abu, to alamar cutar da ake kira koriza ce, kuma cikin kwanaki kaɗan take zagaye akurki. Idan babu wari, sai 'yar kumfa a gefen ido da kakari a maƙogwaro, wanda aka fi ji da dare in gari ya yi tsit, an fi zargin cutar da likitocin dabbobi ke kira CRD, wato ciwon numfashi mai daɗewa. Ita a hankali take cin kaza, tana ramewa, ƙwai na raguwa. Waɗannan biyun suna jin magani. Tylosin ko oxytetracycline ake jiƙawa a ruwan sha, kwana 3 zuwa 5, bisa ma'aunin da ke jikin leda, domin ƙarfin kowane kamfani daban ne. A haɗa sabo kullum, a ɗauke duk wani ruwan, kada a tsaya a kwana na biyu don an ga sauƙi. A kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta kafin a ci ƙwai ko nama. Sai dai kazar da ta warke tana ci gaba da ɗauke da ƙwayar cutar, don haka kada a haɗa ta da sababbin 'yan tsaki.

Shi kansa idon sai an wanke shi. A tafasa ruwa lita 1, a sa gishiri giram 9, wato cokalin shayi ɗaya da rabi ba tuli, a bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. A jiƙa auduga a ɗora a kan idon har kwantsar ta yi laushi, sannan a share. Kowane ido da audugarsa. Idan akwai wani farin abu mai kauri kamar awara a ƙarƙashin fatar, a matsa a hankali ya fito, a shafa man ido na tetracycline sau 2 a rana har mako guda. Kazar da idanunta suka rufe yunwa da ƙishirwa ne ke saurin kashe ta. A ware ta, a riƙa tsoma bakinta a ruwa, a ba ta jiƙaƙƙiyar dusa da hannu.

Farin abin nan, in babu wari kuma ba ya yaɗuwa, yakan zo daga ƙarancin bitamin A ga kajin da ba sa cin komai sai dawa da dusa. Ganyen zogale, jar masara da ɗan manja suna gyara shi. Ƙuraje masu baƙin ɓawo a fatar ido da zanko kuwa sauro ne ke yaɗa su; a shafa aidin, amma kada ya shiga cikin ido.

A shiga akurki da sassafe a durƙusa daidai tsayin kaza. Idan warin kashi ya sa ido yaji, ita ma haka take kwana a ciki. A kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, a zuba busasshen ɓuntun shinkafa, a kare ɓangaren da iskar hunturu ke bugowa amma a bar kafa ta sama.

Wanda ba a wasa da shi shi ne in kaji suna haki, zawo kore, wuya na murɗewa, suna mutuwa biyu-biyu, uku-uku a rana. Wannan cutar Niyukasul ce ko murar tsuntsaye; ita murar tsuntsayen ta fara ɓulla ne a Najeriya a jihar Kaduna a 2006. Babu kafson da ke warkar da su. Kada a yanka, kada a kai kasuwa. A binne matattun da zurfi, a hana yara taɓawa, a sanar da ofishin likitan dabbobi. Niyukasul tana da rigakafi: cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin wani mai suna I-2 mai jure zafi, ɗigo ɗaya a ido ga kowace kaza lafiyayya, a maimaita duk wata 4. A yi kafin hunturu ya shigo. Kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta, a tsare ta ita kaɗai mako 3 kafin ta shiga cikin sauran.