Kurakuran da aka fi yi wajen shan amitriptyline, maganin ciwon damuwa

Amitriptyline tsohon magani ne mai araha, shi ya sa likitoci ke yawan rubuta shi ga masu ciwon damuwa, da masu zogin jijiyoyi irin wanda ciwon suga ke kawowa, da masu ciwon kai na ɓari ɗaya. Yana aiki sosai, amma ba ya son ganganci.

Babban kuskure shi ne fid da rai da wuri. Nauyin barci da bushewar baki tun kwanakin farko suke bayyana, sauƙin damuwa kuwa sai an yi mako 2 zuwa 4, wani ma sai mako 6. Sai mutum ya ga wahala kawai yake sha, ya jefar da maganin, ko ya ƙara wa kansa ƙwaya biyu don ya ga aiki da sauri. Duka biyun ɓarna ne. Ga ciwon damuwa, likita kan fara da miligiram 25 zuwa 50 da dare, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali har zuwa 75 ko 150, gwargwadon yadda jiki ya karɓa. Ga zogin jijiya, miligiram 10 zuwa 25 ake farawa da shi. A duba kwali, domin akwai ƙwayar 10, da ta 25, da ta 50, kuma a ido ba lallai a bambance su ba.

Sai masu dainawa rana ɗaya don sun ji sauƙi. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warware, in ba haka ba ciwon kan dawo. Yankewa kwatsam tana jawo tashin zuciya, ciwon kai, rashin barci da saurin fushi. Idan lokacin dainawa ya yi, likita ne zai tsara ragewa a hankali, galibi cikin mako 4 ko fiye. Wanda ya manta na daren jiya kada ya haɗa biyu yau. Mace mai ciki ko mai shayarwa ma kada ta daina da kanta, ta fara tuntuɓar likita.

Inda aka fi shiga haɗari shi ne haɗa shi da wasu magunguna. Taramol na kan gaba: haɗa su na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko zazzaɓi da rawar jiki da ruɗewa. Kodin, diazepam, giya, har da Piriton da ake ɗauka ba komai ba ne, duk suna ninka barcin. Akwai kuma wanda ba a cika sani ba, wato maganin zazzaɓin cizon sauro mai artemether da lumefantrine, irin su Coartem. Yana hana hanta sarrafa amitriptyline yadda ya kamata, kuma su biyun suna taɓa bugun zuciya. Kafin mai kemis ya miƙo maganin zazzaɓi, a gaya masa abin da ake sha.

Da safe kada a miƙe zumbur daga shimfiɗa. Maganin yana saukar da awon jini idan an tashi tsaye, sai jiri ya kwashi mutum. A zauna bakin gado minti ɗaya tukuna, musamman tsofaffi masu fita alwalar asuba cikin duhu. Direba da mai babur su dakata da tuƙi har su ga yadda barcin ke kama su. Shan sa awa biyu kafin kwanciya yana rage nauyin kai da safe. Taurin bayan gida da maganin ke kawowa kuwa, ruwa da ganye da 'ya'yan itace ke sassauta shi.

Ba a ara wa maƙwabci don “ya samu barci”. Mai ciwon zuciya, mai hawan jinin ido, mai farfaɗiya da dattijon da fitsari ke yi wa wuyar fita, duk yana iya jefa su cikin matsala. Haka wanda ya taɓa shiga halin zumuɗi fiye da kima, ba barci, ga yawan magana da kashe kuɗi: maganin na iya tayar masa da wannan.

Iyali su sa ido a makonnin farko da duk lokacin da aka sauya adadi, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25. Idan tunanin kashe kai ya taso ko ya ƙaru, a kai mai shan maganin asibiti a ranar. Ya fi kyau wani babba a gida ya riƙe maganin a kulle, domin shan sa fiye da kima yana hargitsa bugun zuciya, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan na iya kashe ƙaramin yaro. Idan hakan ta faru, kada a ɗura manja ko madara, kada a sa shi amai, kada kuma a jira alamu. A garzaya sashen gaggawa tare da kwalin maganin.