Ajiye aiki da neman kashi 25 na fansho: kurakuran da aka fi yi

A Najeriya babu wani kuɗi da gwamnati ke biyan mutum wata-wata don ya rasa aiki. A Jamus akwai, amma ko can wanda ya ajiye aiki da kansa babu ƙwaƙƙwaran dalili, ana iya riƙe masa kuɗin har mako 12. Abin da muke da shi a nan guminka ne da ke ajiye a asusun fansho. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya ciri har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara, idan ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Ko korarsa aka yi, ko da kansa ya yi murabus, yana da wannan haƙƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne takardu.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne fita cikin fushi. Mutum ya samu saɓani da shugabansa, ya ɗauki hularsa ya tafi, ya kashe waya. Bayan wata huɗu ya je kamfanin da ke kula da fanshonsa, abin farko da za a tambaye shi shi ne takardar da ke nuna ranar da ya bar aiki. Ba shi da ita. A wurin tsohon ofishinsa kuwa sunansa wanda ya gudu daga aiki. Dole ya koma yana ba da haƙuri a inda ya rantse ba zai sake taka ƙafa ba.

Gyaran ba shi da wuya, tun kafin a fita ake yin sa. Ka rubuta takardar murabus kwafi biyu, a buga wa taka hatimi da kwanan wata, ka ba da wa'adin da yarjejeniyar aikinka ta tanada. Idan ba ta ce komai ba, dokar ƙwadago ta sa mako biyu ga wanda ya yi shekara 2 zuwa 5, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara 5. Kada ka bar wurin sai ka karɓi takardar amincewa da murabus ɗinka, tare da takardun albashinka na watannin ƙarshe.

Akwai kuma masu sa hannu a murabus ɗin da ba su yi niyya ba. Kamfani na son rage ma'aikata, sai a kira mutum a ce masa, “Ka rubuta da kanka, ya fi maka mutunci.” Mutuncin nan yakan tafi da kuɗin sallamar da ake biyan wanda aka rage. A ganina duk wanda aka ce wa haka ya nemi a rubuta masa dalilin sallamar a takarda, ya tuntuɓi ƙungiyarsu ko lauya kafin ya ɗauki biro. Kotun ma'aikata ta ƙasa tana sauraron ƙarar murabus na dole, amma aikinka ne ka kawo hujja.

Sai rashin duba asusu. Doka ta ce a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a tura cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Wasu wuraren suna cirewa, ba sa turawa. Ka nemi bayanin asusunka ka bi shi wata bayan wata da yatsa: Janairu akwai, Fabrairu akwai, Maris zuwa Yuni fayau. Bin wannan bashi ya fi sauƙi kana ciki. Idan sun ƙi, ka kai ƙorafi PenCom, hukumar fansho ta ƙasa.

Sunaye ma suna hana ruwa gudu. Muhammad a NIN, Mohammed a fansho, Moh'd a banki, ga shekarar haihuwa iri biyu. A daidaita su cikin watanni huɗun nan na jira. Wanda ya buɗe asusu kafin Yulin 2019 kuma, sai an sabunta bayanansa.

Wasu na wahalar da kansu zuwa ofishin NSITF, hukumar inshorar ma'aikata. Can diyyar rauni, rashin lafiya ko mutuwa a bakin aiki ake biya, babu ruwansu da zaman kashe wando. Ma'aikatan gwamnatin jihohi irin Kano da Jigawa kuwa tsarin fanshonsu daban ne, dokar jiharsu za su duba.

Sau ɗaya ake cin wannan dama, ragowar kuɗin sai mutum ya kai shekara 50. Matashin da ya yi aikin shekara biyu ya ciri 'yan dubbai ya sauya waya, ya rufe wa kansa hanya. Ranar da zai rasa babban aiki yana da shekara 42, ga iyali ga kuɗin haya, asusun ya yi kauri amma ba zai iya taɓa ko kwabo ba har sai bayan shekara takwas.