Kurakuran da Ke Sa a Dawo Gida ba Bidiyo Bayan an Tashi Jirgin Rimot

Duk wanda ke tashin ƙaramin jirgin rimot da kyamarar analog ya san cewa hoton da yake gani a tabarau mai allo a ciki ko a ɗan allo yana wucewa ne kamar yadda ya zo, sai idan akwai na'urar naɗa, wadda masu harkar ke kira DVR, ta kama shi cikin memori. A nan Jos masu wannan sha'awar ba su da yawa, kaya kuma duk odarsu ake yi daga waje a jira makonni, shi ya sa da zarar bidiyo ya ƙi fita sai a yanke hukunci cewa an turo jabu. Galibi na'urar lafiyarta ƙalau. Matsalar a ƙasa take faruwa, tun kafin farfela ta juya.

Memori ne kan gaba wajen ɓata wa mutane rana. Mafi yawan ƙananan DVR, har da waɗanda ke cikin tabarau, tsarin ajiyar fayil na FAT32 suka sani, kuma da yawansu ba sa karɓar katin da ya wuce giga 32. Mutum zai sayo mai giga 64 ko 128 yana ganin ya yi dabara, alhali irin waɗannan da tsarin exFAT suke zuwa. Wata na'urar za ta ce babu kati, wata kuma ta nuna ɗigon ja kamar tana naɗa, a dawo gida a tarar da wayam. Nemi mai giga 16 ko 32 mai lamba 10 a cikin da'ira, ka yi masa fomatin a cikin na'urar kanta idan tana da wurin yin haka. Kada kuma ka ciro na cikin wayarka mai cike da waƙoƙi da hotunan biki ka cusa. Sai batun jabu: akwai katin da aka rubuta wa giga 32 amma ainihin cikinsa bai kai rabin haka ba, idan ya cika sai ya riƙa rubutu a kan abin da ya riga ya ajiye. Ko a ina ka saya, a kasuwar Terminus ne ko ta intanet, gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw kafin ka dogara da shi.

Na biyu, cire batir kafin a tsayar da naɗi. Jirgi ya sauka, hannu na rawa, ana ta murna, sai a zare batirin tabarau. Waɗannan na'urori fayil ɗin AVI suke rubutawa, kuma sai an danna tsayawa suke rufe shi da jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake. An katse wuta, fayil ya tsaya ba rufi. Wani lokaci manhajar kallon bidiyo ta VLC kan iya gyara jadawalin ta buɗe shi, wani lokaci kuma shi ke nan. Danna tsayawa, ƙirga biyar, sannan ka zare. Haka ma idan batirin tabarau ya mutu ana tsakiyar naɗi, kuma sanyin Disamba da Janairu a Filato yana rage wa batir ƙarfi fiye da yadda ake zato, don haka ajiye shi a aljihu har lokacin amfani.

Inda aka fi ruɗewa shi ne PAL da NTSC. Kyamarar analog tana fitar da hoto a ɗayan tsari biyu: PAL mai layi 576 da hoto 25 a daƙiƙa, wanda shi talabijin ɗin Najeriya ke bi, ko NTSC na Amurka da Japan mai layi 480 da hoto kusan 30. Ga mai tashin jirgi ko wanne ya yi, tunda ba gidan talabijin zai kai ba. Abin da ba ya yiwuwa shi ne kyamara tana wani, allon tuƙin jirgi yana wani, DVR yana wani. Alamominsa sanannu ne: hoto ya koma baƙi da fari, ko ya riƙa gangarawa sama ba tsayawa, ko ƙasansa ya yanke har lambar ƙarfin batir ta ɓace. Da yawan DVR suna tantance tsarin ne a lokacin da aka kunna su. Idan a lokacin babu abin da ke shigowa sai yayyafi, sai su zaɓi wanda suka ga dama su liƙe a kai. Maganin kyauta ne: kunna rimot, kunna jirgi, sannan ka kunna na'urar naɗa, ka ga hoto da idonka kafin ka danna. A Betaflight, manhajar allon tuƙin jirgi, ma gara ka zaɓi PAL ko NTSC da kanka maimakon barinsa ya yi canke.

Wayar haɗi takan ci kuɗin mutane a banza. Filogin nan mai kama da na abin sauraro, mai milimita 3.5 da sassan ƙarfe huɗu, kamanninsa ɗaya a ko'ina amma jerin cikinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Inda wannan ya sa hoto, wancan ya sa sauti ko layin ƙasa. Yi amfani da wayar da ta zo tare da na'urar, in ta ɓace ka kai wa mai gyaran rediyo ya auna da mita. Kuma mafi yawan ƙananan DVR wuta bolt 5 suke sha. Batir mai ɗaki 3 idan ya cika yana kai 12.6, mai ɗaki 4 kuma 16.8. Haɗa su kai tsaye ƙauri ne kawai zai biyo baya.

Wasu kan raba waya ɗaya gida biyu, ɗaya zuwa allo ɗaya zuwa DVR. Siginar bidiyo an tsara ta ne ta shiga wuri ɗaya mai nauyin om 75, in an raba ta haka sai hoton ya dushe a duka biyun. Yi amfani da risiba, wato na'urar karɓar sigina, mai mafita biyu. Kada kuma ka yi tuƙi da hoton da ya ratsa ta cikin DVR ko ta wayar Android mai risibar OTG, wadda ake jona wa a bakin caji, domin akwai ɗan jinkiri a ciki. A ido ba komai ba ne, amma ga jirgin da ke gudu kusa da dutse ya isa. Wayar Android ɗin ka ba wa 'yan kallo, dama yara ba sa barin mutum ya sake.

Akwai kuma ƙorafin da ba na DVR ba ne sam. Na'urar da ke ƙasa abin da ya iso gare ta kawai take ajiyewa, da yayyafinsa da tsagewarsa. Siginar 5.8 GHz ba ta ratsa dutse, kuma Jos garin duwatsu ne. Ka zagaya bayan wani dutse a wajen Shere, hoto zai ɗauke nan take ko da ƙarfin na'urar aikawa ya kai 600mW. Duwatsun da rufin kwano kuma suna dawo da sigina ta hanyoyi da yawa, shi ke sa hoto ya riƙa karyewa ko jirgi na kusa. Eriya mai murɗaɗɗiyar sigina tana rage wannan, da sharaɗin ta jirgi da ta ƙasa su zama hannu ɗaya, RHCP da RHCP (na dama) ko LHCP da LHCP (na hagu). Duba bakin ɗaurin ma: SMA da RP-SMA kan iya ɗauruwa da juna tsaf alhali tsakiyarsu ba ta haɗu ba, kuma na'urar aikawa da aka kunna ba eriya tana iya ƙonewa. Layukan da ke bayyana a hoto duk lokacin da ka ƙara wuta kuwa daga injina suke, kafasita mai 470 zuwa 1000µF a bakin wayar batir takan share mafi yawansu. Wanda ke son hoto mai tsabta sai ya ɗora ƙaramin DVR a jikin jirgin, tsakanin kyamara da na'urar aikawa. Amma a ganina kada wannan ya sa a bar naɗin ƙasa. Ranar da jirgi ya faɗa cikin ciyawa ko gefen tsohon kududdufin kuza, memorin da ke jikinsa tare suka tafi, na hannunka ne zai nuna maka wuri na ƙarshe da ya gani, da lambobin GPS idan ka sa su a allo.

Bayan an dawo gida ma akwai aiki. Hoton analog rabi-rabi ake aiko shi, layukan mara sannan na cika, shi ya sa a kwamfuta gefen abubuwa ke fitowa kamar haƙoran matsefi. Manhajar HandBrake kyauta ce, tana haɗe layukan ta mai da fayil ɗin MP4 mai sauƙin turawa, tunda AVI ɗin da DVR ke fitarwa nauyi gare shi kuma WhatsApp ba ya jituwa da shi. Idan kyamararka 4:3 ce ka bar ta a haka, miƙe ta zuwa 16:9 ba ya ƙara komai sai faɗin kai. Lokacin hunturu kuma goge gilashin kyamara kafin kowane tashi, hazon da kake gani a bidiyo sau da yawa ƙura ce a kansa.

Kafin ka ɗora a Facebook ko TikTok, kalli abin da ka ɗauko. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ce tashin jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang, barikin Rukuba da gidan gwamnati a Rayfield ba wuraren kusanta ba ne. Kuma siginar analog a buɗe take, duk mai risiba a kusa da ya faɗo tasharka yana ganin abin da kake gani. Idan jirgi ya bi ta saman unguwa ya ɗauko tsakar gidan mutane, yanke wurin ka goge shi daga memorin ma.